Yunusa Bature da Burtalin Yammedi

Labarin ya same ni yau da safe, ko karyawa ban yi ba. Ɗana Nura ne ya shigo da waya a hannu, ya durƙusa ya ce, "Baba, 'yar Yunusa Bature ce ta turo saƙo. Wai ya rasu shekaranjiya a asibiti, can ƙasarsu."

Na ce ya sake karanta mini. Ya sake.

Kokon da aka kawo mini yana nan har yanzu ban taɓa ba.

Yaran yanzu ba su san shi ba, amma duk wanda ya yi wayo a Yammedi ko Kurugu a ƙarshen shekarun tamanin zuwa farkon na casa'in zai tuna wani dogon Bature mai hular hana-sallah, da jakar sanduna a kafaɗa, yana bin burtali shi kaɗai bayan la'asar. To shi ne. Mutumin Denmark ne. Sunansa na gaskiya ya fi ƙarfin bakinmu, aka yi ta fama har wata tsohuwa mai sayar da fura ta gaji ta ce, "Yunusa ne." Shi ke nan ya bi shi, kuma da shi yake amsawa.

Ni lokacin malamin gona ne, shekaruna talatin da 'yan kai. An kawo wani ɗan aikin gwajin ciyawar dabbobi a ƙasar Karaye, aka ce shi ne masanin ciyawar, ni kuma aka haɗa ni da shi saboda ina jin Turanci. Tafinta, abokin tafiya, wani lokacin har direba idan hannunsa ya motsa.

Sai da muka yi kusan wata uku tare na san ashe ba ciyawa ce asalin sana'arsa ba.

Ɗan wasan golf ne, wasan nan da ake dukan ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Ba irin masu yi don nishaɗi ba, da shi yake ci da shi yake sha. Mahaifinsa mai yankan ciyawa ne a wani filin wasan, a nan ya tashi, a nan ya fara riƙe sanda tun bai kai tsawonta ba. Yana saurayi ya zama zakara a ƙasarsu. Daga nan ya shiga yawon gasa ƙasa-ƙasa a Turai, ya ci kofi a wasu, ya zo na biyu ko na uku a da dama. Ya taɓa nuna mini hoto, yana ɗaga wani kofi mai kunnuwa biyu, gashinsa har kafaɗa. Na yi ta dariya, na ce wannan ai ba kai ba ne. Ya ce shi ma wani lokacin haka yake gani.

Tsintsiyar hannunsa ta hagu ce ta kashe masa wasan. An yi masa aiki sau biyu ba ta koma daidai ba. Da ya ga ba dama, sai ya koma makaranta ya karanci abin da ya taso yana gani a hannun mahaifinsa, wato ciyawa. Ita ta kawo shi garinmu.

'Yarsa ta ce jaridun can sun yi rubutu a kansa jiya, sun jero kofunan da ya ci da yaran da ya koyar bayan ya koma. Ni ban san lissafin kofuna ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da na sani shi zan faɗa.

Mutum ne mai son gaisuwa. Da ya koyi "ina kwana" da "ina gajiya" sai abin ya zame mana aiki. Tafiyar minti goma sai ta kai mu rabin awa, don ba zai wuce mutum ba sai ya tsaya. Da farko har cewa yake "yaya matarka", yana ambaton sunanta ma idan ya sani. Na ja shi gefe na ce a nan ba a haka, iyali ake cewa. Fuskarsa ta yi ja. Washegari sai da ya bi mutum uku ya ba su haƙuri, su kuwa har sun manta.

Da azumi bai taɓa cin komai a gabanmu ba. Ba wanda ya ce masa ya yi hakan. Gorar ruwansa ma a ƙarƙashin kujerar mota yake ɓoye ta.

Ba ya yarda a ɗaukar masa jaka. Ya ce ya shekara goma wani na ɗaukar masa, yanzu lokacinsa ne.

Mahaifina, Malam Audu, shi ya fi kowa tsokanarsa. Gonarmu tana jikin burtali, hanyar da shanu ke bi daga rugar Ardo Buba zuwa mashaya. Da rani Yunusa ko'ina yake buga ƙwallonsa, tunda an girbe. Da damina kuwa ba inda ya rage sai burtalin, kuma shanu sun aske masa ciyawar yadda yake so. Ya binne gwangwanayen tumatir a wurare shida ko bakwai, su ne ramukansa. Baba zai dogara da fartanya yana kallonsa, ya ce da ni, "Sule, tambaye shi. Ƙato da shi, ya doki abu da hannunsa, ya tafi nema, ya samu, ya sake doka. Lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Na fassara. Yunusa ya ce in gaya wa Baba matarsa ma haka ta ce kafin ta aure shi.

Tun daga ranar suka ƙulla. Baba ba ya jin Turanci, shi kuma Hausarsa lokacin ba ta wuce gaisuwa ba, amma sai su zauna a gindin ɗorawa su cinye ƙwaryar gyaɗa ba tare da sun neme ni ba. Ban san me suke faɗa wa juna ba har yau.

Akwai abin da ya sa Baba ya ga girmansa. Idan ƙwallonsa ta kauce ta faɗa gonar wani, ba ya shiga. Zai tsaya a bakin iyaka ya nemi mai gona, idan ba ya nan ya haƙura sai gobe. Ƙwallayen nan kuwa ba a samunsu ko a kasuwar Karaye, daga gida yake zuwa da su. Baba ya ce, "Wannan ya san iyaka. Da yawa masu salla ba su sani ba."

Baba kansa haka yake a kan iyaka. Shi ya dasa gamba a gefen gonarmu ta ɓangaren burtali, layi guda tun daga daidai suri har ɗorawa. Kun san yadda muke yi, inda gamba ta tsaya nan gona ta tsaya, kuma da kaka a yanka a yi zana. Bayan gambar ma sai ya bar kunya ɗaya ta ciki ba shuka. Idan muka yi ƙorafi ya ce saniya ba ta san gamba ba, a bar mata wurin kuskure.

Yunusa yana da wani ɗan littafi a aljihun baya, da guntun fensir. Ya ce duk ɗan wasan kirki yana da irinsa. Kafin ya buga a wuri sai ya taka shi da ƙafa ya rubuta: daga kuka zuwa suri taku kaza, daga suri zuwa gwangwani taku kaza, faɗin burtali a nan taku kaza. Faɗin ya fi damunsa, don ya san inda ƙwallo za ta sauka ba ta shiga gonar mutane ba. Duk farkon damina sai ya sake takawa, ya buɗe sabon shafi. Ni ina ganin abin wauta ne. Na sha tsayawa ina jiransa a rana yana ƙirga ƙasa.

A daminar Yunusa ta biyu Baba ya kwanta. Yunusa ne ya ɗauke shi a motar aiki zuwa Kano, ya kwantar da kujera, ya riƙa tafiya a hankali saboda ramuka, tafiyar da ta cinye mana wuni. Sau uku muna komawa. Da Allah ya karɓi abinsa, ya zo ya tsaya nesa da maƙabarta, hula a hannu, har aka gama. Kwana uku yana zuwa zaman makoki, ya cire takalmi ya zauna a ƙarshen tabarma. Ba ya cewa komai sai "sannu da haƙuri".

Daga nan labarin ya daina daɗi. Ku yi haƙuri ku karanta, don saboda shi na ɗauki waya.

Ni ne babba, gona ta dawo hannuna. Ga ƙanne, ga Inna, ga nawa iyalin. Damina ta gaba, ruwan farko ya sauka ƙasa ta yi laushi, na tsaya ina kallon kunyar da Baba ke bari. Na shuke ta. Ba wanda ya yi magana.

Shekara ta zagayo, sai na yi abin da ya fi haka. Na tono tushen gambar ɗaya bayan ɗaya, na matsar da ita kunya biyu cikin burtali, na dasa. Gamba ba ta da wuyar kamu, sati biyu ta miƙe kamar a nan aka haife ta. Da hannuna na yi, da rana tsaka, ranar kasuwa da ba kowa a daji.

Wata shekarar na ƙara, ta bayanta ma na ƙara da yawa. Maƙwabcina na tsallake ya lura, bai ce mini komai ba, shi ma ya matso da tasa. Na kusa da shi ya bi. Kowa yana kallon kowa, kowa ya yi shiru. Ni da nake malamin gona, ni da nake tara mutane ina musu bayanin zaman lafiya da makiyaya, ni na fara.

Yunusa yana takawa duk shekara yana rubutawa. Sau ɗaya ya ce mini a mota, "Malam Sule, burtali yana ramewa." Na ce zaizayar ruwa ce. Ya dube ni, ya mai da idonsa kan hanya.

Abin da za a yi tsammani shi ya faru. Garke ya zo wucewa ta wurin da ya tsuke, shanu suka matsu, na gefe suka faɗa cikin gyaɗa, tawa da ta maƙwabcina. Matasa suka fito da sanduna. Aka fasa wa ɗan Ardo kai, aka sari saniya biyu. Kafin magariba maganar da ke yawo a gari ita ce rugar nan ta tashi, ta bar mana ƙasa.

Mutanen nan fa tare muka tashi. Kakan Ardo Buba a nan aka binne shi. Nonon da aka yaye ni da shi daga rugarsu yake. Shanunsu ke kwana a gonakinmu da rani su bar mana taki. Amma ranar ba wanda ya tuna, kuma muryata tana cikin masu ƙarfi.

Aka zauna a ƙofar gidan mai gari da hantsi. Ardo ya ce, "Ranka ya daɗe, shanu ba su canja hanya ba. Hanyar ce ta canja." Manoma suka ce ƙarya ne, ga gamba nan a tsaye, kowa ya je ya gani.

Mai gari ya juyo gare ni, tunda gonata ce a bakin wurin. Ya ce, "Malam Sule, gambar nan wa ya dasa ta?"

Na ce, "Allah ya ba ka nasara, Baba ne ya dasa ta. Haka ya bar mana."

Da aka ji sunan Malam Audu sai wuri ya yi tsit, don an san shi. Na ga kan Ardo ya sunkuya. Da a nan aka tsaya, da rugar ta tashi.

Sai Ardo ya ɗago ya ce, "To a kira Bature. Shi kullum yana taka wurin, kuma na ga yana rubutu."

Na sha jinin jikina.

Aka aika, ya zo, ya cire takalmi, ya yi gaisuwarsa mai tsawo. Mai gari ya ce in matso in yi tafinta. Ku duba wannan hali. Ni ne mai laifi, ni ne kuma bakin shaida. Kuma ba damar in murɗe, don lokacin ya iya ƙirga da Hausa sarai, yana jin duk abin da nake faɗa.

Aka tambaye shi faɗin burtali a daidai suri shekarar da ya zo. Ya buɗe littafi ya ce taku sittin da biyu. Na faɗa. Aka ce bana fa? Ya juya shafuka ya ce ashirin da takwas. Na faɗa, muryata kamar ba tawa ba.

Mai gari bai tsaya a nan ba, ya sa aka tashi gaba ɗaya aka tafi wurin. Yunusa ya tsaya a jikin suri, can tsallaken burtali, ya taka a gaban kowa, ana ƙirgawa da ƙarfi. Ashirin da takwas ya kai shi gamba. Ya tsaya a nan. Mai gari ya ce ya ci gaba. Yunusa ya juyo ya ce da ni da Hausa, "Malam Sule, in shiga?" Gonar da na sata, yana neman izinina. Na ɗaga kai. Ya shiga cikin gyaɗa yana ɗaga ƙafa kada ya taka, har ya tsaya inda tsohon layin yake. Aka sa fartanya a wurin, sai ga ragowar saiwar gamba a ƙasa.

Magana ta ƙare. Maƙwabtana suka fara kame-kame, kowa na cewa gani ya yi an matsa shi ma ya matsa.

Wani dattijo ya ce, "To a wace shekara aka fara? Littafin ai zai nuna."

Zai nuna kuwa. Shafi biyu na farko, lokacin Baba na da rai, duk sittin da biyu ne. Na sani, shi ma ya sani.

Yunusa ya rufe littafin ya mayar aljihu. Ya ce, da Hausarsa mai tsalle-tsalle, "Mai gona yana nan. Ya fi littafi sani."

Kowa ya dube ni. Ya buɗe mini ƙofa, ba abin da ya rage sai in ce ni ne. Kalma biyu.

Na ce ban sani ba, shekarar da Baba ya yi rashin lafiya na tafi kwas Zariya wata biyu, ko a lokacin ne.

Sai dattijon ya girgiza kai ya ce, "Allah ya yafe wa Malam Audu. Ɗan Adam ke nan." Jama'a suka ce amin. Ni ma na ce amin.

Aka mayar da gamba inda take, aka yi sulhu, aka yi wa ɗan Ardo magani. Ruga ba ta tashi ba, jikokinsu suna nan har gobe, wasunsu ma na san za su karanta wannan. Amma tun daga ranar, idan aka yi zancen cin iyaka a garinmu, sai ka ji an ce ai ko Malam Audu da ake ganin waliyyi ne an kama shi bayan ransa. Na ji da kunnena ya fi sau goma. Na ji a bakin mutanen da ba a haifa ba lokacin.

Da na koma gida ranar, Inna tana zaune tana ɓarar gyaɗa, labari ya riga ni. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Sule, shekara arba'in na zauna da mahaifinku." Na tsaya ina jiran sauran. Ba ta ƙara ba, ranar ko wata rana, har ta koma ga Allah.

Abin mamaki, wa na bi da haushi? Yunusa. Mutumin da ya rufa mini asiri. Na kasa haɗa ido da shi, sai abin ya juye ya zama ƙiyayya. Na riƙa cewa ina ruwan baƙo da rigimar gari. Na daina shiga motarsa. Da na ga abin ba ya ƙarewa, na nemi a mai da ni ɓangaren Rogo, aka tura ni Jajaye. Na gaya wa mutane ƙarin girma ne.

Sau biyu ya aiko a gaishe ni. Na yi kunnen uwar shegu.

Ganinmu na ƙarshe da kaka ne, ana cirar gyaɗa. Ina gonar gwaji a Jajaye sai na hango motarsa. Ya fito, ya rame kaɗan, ya ce aikinsa ya ƙare, jibi zai tashi. Ya yi gaisuwa har ya tambayi Inna da yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Ina amsawa a taƙaice. Ko ruwa ban sa an kawo masa ba, kuma randa tana nan a gindin bishiya.

Muka zauna a kan buhu. Ya ce zai ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba.

Ya ce akwai wata babbar gasa, mafi girma da ya taɓa kusantar ci. Ranar ƙarshe ƙwallonsa ta faɗa cikin doguwar ciyawa. Da ya ajiye sanda a bayanta, sai ta motsa, ɗan motsin da bai kai faɗin ƙwayar gero ba. A dokarsu wannan laifi ne, ana ƙara wa mutum bugu ɗaya, kuma a wasan wanda bugunsa ya fi kaɗan shi ke ci. Ba wanda ya gani, ko mai ɗaukar masa jaka yana kallon wani wuri. Ya kira alƙalin wasa ya faɗa. Da aka tashi, da bugu ɗayan nan aka fi shi. Shekarar da ta biyo baya hannunsa ya lalace, bai sake samun irin damar ba.

Na ce, "Ba ka yi nadama ba?"

Ya ce, "Na yi mana. Da na ci, da rayuwata ta canja, wataƙila da ban taɓa zuwa nan ba. Na daɗe ina jin ciwon abin. Amma da kofin yana ɗakina, ni zan riƙa goge shi, kuma ni na sani."

Na gane inda ya dosa, raina ya ƙara ɓaci.

Sai ya ce, "Malam Audu abokina ne. Na so in wanke shi ranar, amma idan na yi, na kashe ka a garinku. Kai kaɗai za ka iya wanke shi ka kuma rayu. Ba sauri nake ce maka ba."

Kun san me na ce? Na ce, "Ka gama? Allah ya kiyaye hanya."

Ya miƙe, ya ba ni hannu, ya ce, "Ka gaida gida." Ban raka shi mota ba. Taku goma ne tsakaninmu da ita, ina zaune a kan buhu har ƙurarsa ta ɓace.

Shekara biyu da suka wuce Nura ya gano 'yarsa a intanet, suka fara gaisawa. Ta ce tsohon ya fara mantuwa, wani lokacin ba ya gane jikokinsa, amma idan nas ta shigo ɗakinsa sai ya ce mata "sannu da aiki". Ta ce idan zan yi magana a waya a ɗauka a tura, za ta kunna masa. Nura ya yi ta bina. Na ce sai bayan salla. Na ce sai na warke daga tari. Na ce sai na shirya abin da zan faɗa. Gaskiyar ita ce na san tambayar da zai yi idan ya tuna ni, kuma ba ni da amsa.

Ya ce ba sauri yake ce mini ba, ni kuma na ɗauki shekara talatin da wani abu. Inna ta tafi, Ardo Buba ya tafi, mai garin ya tafi, yau shi ma ya tafi. Cikin waɗanda suka san gaskiya ni kaɗai na rage, kuma ba yaro ba ne ni.

To ga ta, mutanen Yammedi da na Kurugu da duk inda wannan ya kai.

Malam Audu bai taɓa cin taku ɗaya na burtali ba. Inda ya dasa gambarsa, nan ya mutu ya bar ta. Ni Sule, ɗansa na fari, ni na tone ta na matsar, shekara uku a jere, bayan an binne shi. Ni na jawo aka fasa kan ɗan Ardo. Ni na tsaya a gaban jama'a na jingina wa mamaci, na kuma ce amin.

Nura bai san wannan ba sai yanzu da yake taya ni rubutawa. Ya tsaya sau biyu ya ce, "Baba, a saka har da wannan?" Na ce a saka.

Don Allah masu waya ku karanta wa dattawan da ba su da ita. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan je gida da kaina, in faɗa da bakina bayan an sauko, sannan in wuce ruga in nemi afuwar iyalan Ardo. Wanda zai zage ni a kwament ya zaga, ba zan goge ba.

Abu ɗaya kawai nake roƙo, kada a zo a buɗe mini muhawara a kan addinin Yunusa. Na san abin da malamai suka ce, ban kuma san da me ya cika ba. Lamarinsa yana hannun wanda ya halicce shi, wanda ba ya zaluntar kowa. Ni dai shaida ce na bayar a kan abin da idona ya gani. Allah ya ba 'yarsa da jikokinsa haƙuri da dangana, ya saka musu da alheri a kan abin da mahaifinsu ya yi wa garinmu, ya shiryar da mu da su baki ɗaya.

Allah ya jiƙan Ardo Buba. Allah ya jiƙan Inna, ya ba ta ladan shirun da ta yi. Allah ya jiƙan mahaifina Malam Audu, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya yafe mini ranar da za mu haɗu.

Ku taya ni da addu'a. Kuma duk wanda ya taɓa cewa Allah ya yafe wa Malam Audu saboda burtalin nan, ko ya ji an faɗa ya ce amin, don Allah ya juyo da addu'ar kaina. Ni ne mai buƙatarta.